Hatimi na Shida

Ya ku mutanen wannan zango, masu raƙuma da masu jakuna, waɗanda suka zo awon gishiri da waɗanda suka zo kallo kawai, ku matso inuwar nan ku kasa kunne kafin rana ta karkata. Na sha ruwan ƙasashe goma sha ɗaya, na taka dutse na taka rairayi, na ga abubuwan da in wani ne ya ba ni labarinsu zan ce shara ta yake yi. Sunana Jatau ɗan Anaruwa, mahaƙin rijiya, mutumin Tungar Maɗaci ta ƙasar Garandi. Kada ku wahalar da kanku wajen neman garin, babu shi yanzu.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Ina can ƙasan wata sabuwar rijiya da muke haƙa a bakin kasuwa, na kai gaba goma sha takwas, har na fara jin sanyin laka a tafin ƙafata. Wana Gimba yana sama yana jan kwandon ƙasa. Matata Kyauta tana rumfar masu daddawa tare da 'ya'yanmu biyu, Dela da Larai. Sai na ji bangon rijiya yana rawa, ƙasa tana zubo mini a ka. Daga nan sai ihu. Na ƙwala wa Gimba kira, sai igiya ta faɗo mini gaba ɗayanta.

Can wani ya zo ya tsaya a bakin rijiyar, inuwarsa ta tare haske. Ban ga fuskarsa ba, muryarsa na ji. Siririyar murya ce mai taushi, irin ta mai rarrashin yaro, kuma sai ya yi ɗan tari sau biyu kafin ya yi magana. Ya ce, "Manya ku gama da su. Samari da 'yan mata ku ɗaure. A hankali dai, kada ku firgita awaki."

Kwana biyu na yi ina sara matakala a bango da dagina kafin na fito. Abin da na tarar ba zan faɗa muku duka ba. Gimba yana kwance a bakin rijiya. Rumfar masu daddawa an banka mata wuta da mutanen cikinta. Da dagin nan na haƙa wa Kyauta da yaran kabari, ban yi kuka ba, har yau kuma ban yi ba.

'Yan Toka ne suka yi aikin. Wasu mutane ne masu shafa toka a fuska, ba su da gari ba su da sarki, cewa suke yi duniya ta ruɓe sai an ƙone ta kafin ta gyaru. A rana ta huɗu Barde Mijinyawa, shugaban dakarun iyakar Garandi, ya iso da mayaƙa ɗari uku. Na ce zan bi su, bai hana ni ba. Muka bi sawu kwana uku har wani ɗan rafi da akuya za ta iya tsallakewa. A ɗaya gefen ga murhun 'Yan Toka yana hayaƙi, ga sawun waɗanda aka ɗaure ya nufi cikin duwatsu. Barde ya ɗaga hannu, runduna ta tsaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ake jira? Ga su can!"

Ya ce, "Wancan gefen Kulumbu ne."

Na ce, "To sai me?"

Ya sauko daga doki, ya dube ni da idanu jajur. Ya ce, "Jatau, Garandi da Kulumbu da wasu ƙasashe huɗu sun yi Tarayya tun zamanin kakanninmu don su daina yaƙar juna. Dokar farko ita ce, mayaƙan wata ƙasa ba sa taka ƙasar wata sai da takardar Majalisa mai hatimi shida. In na tsallake rafin nan yau, gobe Kulumbu ta shelanta yaƙi, garuruwa ɗari su zama kamar naka."

Na zabura zan tsallake ni kaɗai. Mutum biyu suka kamo ni, suka dawo da ni ina cizonsu. A bakin rafin nan na ɗebi ƙasa na sa a baki, na rantse ba zan sake gina ɗaki ba, ba zan sake aure ba, sai na ga ƙarshen mai muryar nan. Barde ya ce, "In kana so ka ga an tsallake, zo mu je inda hatiman suke."

Majalisar Tarayya ba a gari take ba. An ce da aka ƙulla Tarayyar, kowace ƙasa ta nace sai a gina zauren a cikinta, har aka kusa zare takubba. Sai wani tsohon maharbi ya nuna musu wani kunkuru mai girman tsauni, wanda yake zagaye ƙasashen shida sau ɗaya a shekara shida. A bayansa suka gina zauren. Kwana goma sha tara muka yi muna bin sawunsa, kowane sawu ya zama tafki har da kifi. Da muka cim masa, na ga itatuwan kuka da gidaje a gadon bayansa, mata suna shanya, shi kuwa kafin ya ɗaga ƙafa ya sauke an dafa tuwo an kwashe. Da tsanin igiya muka hau.

Wakilai shida ne a zauren, kowa da hatiminsa rataye a wuya. Akwai kuma wani littafi mai jan bango da suke kira Jan Kundi. Duk ƙungiyar da aka rubuta a cikinsa da sunan 'yan ta'adda, mayaƙan kowace ƙasa suna iya bin ta ko'ina, babu mai sayar mata da hatsi, babu mai ba ta masauki. Na tsaya a gabansu na faɗi abin da ya faru. Wasu suka share hawaye. Sannan suka shiga muhawara a kan suna. Wannan ya ce 'yan ta'adda ne, wancan ya ce 'yan fashi ne kawai, wani ya ce a kafa kwamiti ya bambance tsakanin biyun. Kwana biyar ana wannan, ni ina zaune a bakin ƙofa ina wasa dagina a kan dutse.

A rana ta shida mutum biyar suka buga hatimi. Saura Jakada Ƙosau, wakilin Kulumbu, wani dogon dattijo mai farin gemu. Ya miƙe ya ce, "Ina ɗan shekara tara mayaƙan Garandi suka shigo garinmu da sunan bin ɓarayin shanu. Shekara goma sha ɗaya suka yi ba su fita ba. A gabana suka rataye mahaifina. Sarkinmu ya ce babu 'Yan Toka a Kulumbu, in ma akwai mu za mu kama su da kanmu. Ba zan buɗe ƙofar ƙasata da hannuna ba."

Ban san lokacin da na yi kansa ba. Masu gadi suka danne ni, suka jefa ni waje. Ina kwance ina huci sai wata tsohuwa ta tsaya a kaina. Inna Tambai ce, babbar tafintar Majalisa, wadda take jin harsuna tara, ta kuma shekara arba'in a bayan kunkurun.

Ta ce, "Ɗan nan, in ka kashe shi Kulumbu za ta aiko wani, shi ma da hatimin a wuya. Tashi ka sha ruwa."

Na ce, "Inna, to me ya rage?"

Ta ce, "Akwai wata doka da kowa ya manta da ita sai ni. In aka tabbatar masu mulkin wata ƙasa suna ciyar da abokan gaba, ana ajiye hatiminta a gefe a kan wannan magana, biyar su wadatar. Amma sai da shaida biyu. Ɗaya daga bakin ɗan Tarayya da ya gani da idonsa, ɗaya daga ƙawayenmu na waje, mutanen Zarkanda, don kada a ce ƙiyayyar maƙwabta ce."

Wakilai biyar ɗin suka amince a aika Barde da Inna Tambai zuwa Zarkanda. Aka sa ni a cikin ayarin don hanyar babu ruwa sai wanda aka haƙa.

Zarkanda birni ne a kan ƙololuwar duwatsu bakwai, an haɗa su da gadojin sarƙa, gajimare yana wucewa ta ƙarƙashin ƙafar mutum. Mutanensa ba su da yawa, amma suna da mikiyoyi. Kowace mikiya an ɗaura mata madubi a ƙirji, kuma madubin yana riƙe duk abin da ya gani har sai an wanke shi da ruwan sama. Shugabar masu mikiyoyin wata mace ce mai suna Nirsa, gajeruwa, ba ta dariya. Inna Tambai ce take mayar mana da maganarta.

Nirsa ta ce, "Sau uku muna gaya wa Majalisarku inda sansanin 'Yan Toka yake. Sau uku ana zuwa a tarar da toka mai sanyi. Zaurenku yana yoyo. Ba za mu ƙara gaya wa mutum shida abin da ya kamata mutum biyu su sani ba."

Ta jera mana madubai tara, kowanne da sansani a cikinsa, mutane ƙanana kamar tururuwa. Ta ce mikiya tana gani amma ba ta ji, kuma kowa a can fuskarsa toka, ba su san wanne ne shugaban ba, ba su san sansanin da yake ba. Ta ce suna iya zuba wuta a kan duka taran a yini ɗaya. Wallahi sai da zuciyata ta yi tsalle don murna. Barde ya ce a'a, akwai kamammu a ciki, kuma wuta ba ta ba da shaida.

Na ce, "Ni na san muryarsa."

Nirsa ta dube ni daga sama har ƙasa. Muka shirya cewa zan shiga cikinsu, in na same shi in zuba farar ƙasar rijiya a zagaye kamar zobe, mikiya ta tsaya a kan wurin. Sannan ta kafa sharaɗi. Ta ce 'Yan Toka sun ƙone ayarinsu uku, kuma suna so su san wanda yake ƙera musu makamai, saboda haka in an kama shugaban da rai za a miƙa shi Zarkanda su yi masa tambayoyi. Barde ya sa hannu da sunan Tarayya. Na ji da kunnena.

Shiga cikin 'Yan Toka bai yi wuya ba. Masu ɓuya a duwatsu ba abin da suke nema kamar ruwa. Na rataya dagi na riƙa yawo a bakin duwatsun Kulumbu ina neman aiki, kwana shida suka kama ni. Na haƙa musu rijiya a sansani na farko, suka miƙa ni na biyu, na biyu ya miƙa ni na uku. Wata biyar ina shayar da mutanen da suka kashe iyalina, suna ce mini sannu da aiki ina amsawa.

A sansani na huɗu, cikin wani kwari da ake kira Kwarin Ƙaho, ina auna wurin da zan fara sara sai na ji tari sau biyu a bayana. Aka ce, "Bawan Allah, ka ci abinci kuwa?"

Na juya. Wani ɗan ƙaramin mutum ne mai tsabta, babu toka a fuskarsa, yana zaune a kan buzu yana ɗinke takalminsa. Baba Sannu suke kiransa. Taku uku ne tsakaninmu, ga dagi a hannuna. Na ga daidai inda zan sauke shi, a saman kunnen hagu. Amma na dubi mutum ɗari shida da suke kwarin, na tuna ba shi kaɗai ya kunna wa rumfar wuta ba. In na kashe shi a nan, su kashe ni, su naɗa wani. Ni kuwa duka nake so. Na durƙusa na ce, "Na ci, Baba, Allah ya saka."

Da na kai farar ƙasa na riƙa zuba ta a zagaye. Wani ya tambaye ni dalili, na ce don kada ruwan sama ya koro datti cikin rijiya. Kwana biyu sai na ga ɗigo baƙi can sama yana shawagi.

Abu biyu na gano a kwarin. Na farko, kamammu talatin ne kawai a nan. Sauran, fiye da ɗari uku daga garuruwa da yawa, an rarraba su an sayar a wurare masu nisa, kuma Baba Sannu ba ya rubuta komai, a kansa yake riƙe inda kowa yake. Na biyu, ranar wata Laraba da azahar jakuna tamanin suka shigo da buhunan gero, mai rakiyarsu kuwa sanye da alkyabbar sarauta. Na ji ana gaishe shi da Hakimi Dogara, mai kula da iyakar Kulumbu. Suka zauna da Baba Sannu a fili suna cin nama, mikiya tana bisa kansu.

Saura fita. Ba a barin mahaƙi ya bar kwarin da rai, na riga na ga ƙasusuwan wanda ya gabace ni. Tun daga gaba shida na fara wani rami a kaikaice, ina fitar da ƙasarsa tare da ta rijiya, na nufi wani kwazazzabo a bayan dutse. Kwana ashirin da bakwai ina rarrafe a cikinsa. Ranar da dagina ya huda waje, na komo na tone ƙarƙashin bakin rijiyar, na tokare bakin da sanda ɗaya. Da rana ta take, kowa ya shige inuwa, na ƙwala ihu, na fizge sandar da igiya daga cikin ramina. Rijiya ta rufta. Ina jin su ta cikin ƙasa suna cewa Allah ya ji ƙan mai rijiya, ni kuwa ina jan ciki zuwa kwazazzabo.

Da na sake hawa bayan kunkuru, Nirsa da kanta ta zo da madubin. Aka kafa shi a tsakiyar zaure. Na faɗi abin da na gani, madubi ya nuna jakuna, ya nuna alkyabba, ya nuna fuska. Jakada Ƙosau ya matso har hancinsa ya kusa taɓa madubin, ya daɗe a haka. Ashe Dogara ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ashe duk abin da aka tattauna a zaure yakan rubuta wa ƙanen nasa don ya tsare iyaka, shi kuwa ya kai wa Baba Sannu don a bar ayarinsa su wuce lafiya.

Na zaci zan ji daɗin ganin dattijon nan ya karye, kuma na ji. Ya ciro hatimin daga wuyansa. Inna Tambai ta ce, "Ranka ya daɗe, doka ta ce a ajiye shi gefe."

Ya ce, "Ba za a ajiye ba. Ni zan buga." Ya buga a Jan Kundi. Sannan ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. A rubuta cewa kwana arba'in mayaƙanku za su yi a ƙasata, a na arba'in da ɗaya su fita." Aka rubuta.

Wannan karon Barde bai tsaya a bakin rafi ba. Dakarun ƙasashe shida suka shiga Kulumbu ta hanyoyi huɗu, mikiyoyi suna nuna musu mashiga. Da hantsi muka faɗa Kwarin Ƙaho, ni ina gaba saboda na san kowane lungu. Ban ƙidaya waɗanda dagina ya sauka a kansu ba. Kafin la'asar an gama, an kwance kamammu talatin, an kama Dogara a hanyar gudu. Baba Sannu kuwa a kan buzunsa aka same shi, ya miƙo hannuwa a ɗaure shi. Na yi kansa, Barde ya tare ni da ƙirjinsa.

Ya ce, "Na sa hannu, Jatau. Na Zarkanda ne."

Na ce, "Zarkanda ce ta binne Kyauta?"

Ya ce, "In muka saɓa musu yau, gobe babu mikiya. Akwai sansani takwas da ba mu taɓa ba, akwai mutum ɗari uku da shi kaɗai ya san inda suke. Ka yi haƙuri."

Na ce na haƙura. Na ma roƙi a sa ni a ayarin da zai kai shi, tunda hanyar babu ruwa. Barde ya daɗe yana kallona, sannan ya yarda, da sharaɗin a karɓe dagina in ba haƙa ake yi ba.

Aka ɗora Baba Sannu a kan raƙumi da sarƙa hannu da ƙafa, an ɗaure sarƙar a jikin sirdi. A rana ta tara muka yada zango da tsakar rana, ni ne na kai masa ruwa. Ya yi tarinsa ya ce, "Ashe mai rijiya bai mutu ba. Ka iya aiki, bawan Allah."

Na ce, "Me kake tsammani za su yi maka a Zarkanda?"

Ya yi murmushi. Ya ce, "Gida za su ba ni, da lambu. Ina da sunaye da yawa a kaina, zan riƙa ba su ɗaya-ɗaya, shekara ashirin ba su ƙare ba. Mai sani ba a kashe shi."

Na ce, "Ka tuna Tungar Maɗaci?"

Ya ɗan ɗaga kai yana tunani, da gaske yake tunanin. Ya ce, "Wacce ke nan? Ka san suna da yawa. Mai kasuwar awakin nan?"

Na karɓi ƙwaryar na koma. Babu dagi a hannuna, amma ni ƙasa nake karantawa tun ina yaro. Tun a tafiyarmu ta farko na lura da wani fili mai santsi a gaba, inda wata tsohuwar rijiyar ayari ta rufta, rairayi ya yi mata ɓawo a sama, ƙarƙashi kuwa rami ne da laka mai haɗiya. Wancan karon na zagaye da ayari nesa da wurin. Washegari da hantsi na ce wa Barde akalar raƙumin fursuna ta tsinke, bari in ja shi da hannu. Na ja shi na ratse kaɗan daga layi. Da muka zo bakin filin na saki akala, na daki cinyar raƙumin da dutse. Ya zabura ya yi taku biyar, na shida ƙasa ta buɗe.

Raƙumin ya nutse har ƙirji yana kuka. Baba Sannu ya ja sarƙa, sarƙa ta ƙi. A karo na farko na ji muryar nan ta tashi sama, babu tari, babu taushi. Mayaƙa suka rugo da igiya, na ce duk wanda ya taka wurin zai bi shi, kuma gaskiya na faɗa. Suka jefa igiyar daga nesa, hannuwansa a ɗaure, ya kasa kamawa. Na tsuguna a bakin filin inda zai gan ni sosai, na ce, "Kyauta. Dela. Larai. Gimba." Na yi ta maimaitawa har laka ta kai masa haɓa. Ya yi ihu ya ce zai faɗi inda kamammun suke, duka, yanzu. Na ɗaga murya na danne tasa da sunayen nan huɗu har ƙasa ta rufe.

Barde ya zo ya tsaya kusa da ni. A hankali ya ce, "Zan iya cewa tsautsayi ne."

Na ce, "Kada ka ce. Ni na yi, kuma ina so a sani."

Nirsa ta janye mikiyoyinta shekara biyu cur. A cikin shekarun nan sansanoni takwas ɗin suka watse cikin duwatsu, suka ƙone garuruwa uku kafin Inna Tambai ta sake hawa Zarkanda da sandarta ta gyara tsakani. An sauke Barde daga muƙaminsa. Ni kuwa Majalisa ta yanke cewa ba za a kashe ni ba, amma ƙasashen shida sun haramta gare ni har mutuwa. Ko a jikina. Da za ku tambaye ni ko na yi nadamar abin da na yi wa mutumin nan, ban yi ba. Duk lokacin da na tuna ihunsa sai in ji sanyi a ƙirjina.

Ranar da aka sauko da ni daga bayan kunkuru, akwai mutane da yawa a ƙasa, iyayen kamammu ne da suka biyo Majalisa suna jiran labari daga Zarkanda. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya jefe ni. Wata mata mai suna Asabe, daga wani gari da ban taɓa zuwa ba, ta ratso ta riƙe hannun rigata.

Ta ce, "Malam, kai ne ka gan shi a ƙarshe?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "An ce ya yi magana kafin ya nutse. Bai ambaci Tanko ba? Dogo ne, yana da tabon ƙuna a wuyan hannun dama. Ko sunan gari ɗaya bai faɗa ba?"

Na tuna yadda na danne muryarsa da tawa. Ta jira, ta jira, sannan ta saki rigata ta gyara mini inda ta yamutsa, ta koma cikin mutane.

Na zauna a gindin wata tsamiya kwana uku. A na huɗu na koma wurin mutanen nan, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gaya mini sunan nasa da kamanninsa, na haddace kamar yadda Baba Sannu ya haddace. Shekara tara ke nan ina bin zango-zango a wajen Tarayya, ina haƙa rijiya a duk inda ake sayar da mutane, don kowa yakan zo bakin rijiya. Na samo arba'in da ɗaya, na kai su bakin iyaka na tsaya, suka tsallaka. Tanko ba ya cikinsu.

To, kun ji. Ku matafiya ne, kun fi ni shiga gidaje. Zan fara kiran sunayen yanzu, da kamannin kowa, ba da sauri ba. Wanda ya ji wani da ya taɓa gani, ko a kasuwa, ko a gona, ko a bayan wani raƙumi, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.